Kafin Ka Buɗe Baki: Wa Ke Riƙe da Ɗakin Haƙori a Asibitin Garinku?

 

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san tsawon dare. Tun daga sallar isha'i har kiran assalatu mutum yana juyi a kan shimfiɗa, ya tauna kanumfari, ya kuskure baki da ruwan gishiri, ya haɗiyi farasitamol, ciwo yana nan inda yake. A irin wannan dare abu ɗaya ne a ransa, gari ya waye ya ga likita. Ba ya tuna wanda ya sayo allurar kashe zafi, ko wanda ya zuba mai a janareto, ko wanda ya tabbatar an tsabtace ƙarfen da za a sa masa a baki bayan an fito da shi daga bakin wani. A kan wannan mutum nake so mu tattauna yau, domin na daɗe da gamsuwa cewa babban kaso na lafiyar bakinka a hannunsa yake, alhali a yawancin asibitocinmu ko sunan muƙami ba a raɗa masa ba.

Shekarun baya na raka kawuna wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Ya baro ƙauye tun da sassafe, ya biya kuɗin babur, ya biya na mota, kuncinsa na hagu a kumbure. Muka yanki kati muka zauna a benci har rana ta take. Likita yana nan, kujerar aiki tana nan, wuta ma an kawo. Da layi ya zo kanmu likita ya duba, ya ce matauni ne ya ruɓe kuma sai an cire, sai dai allurar kashe zafi ta ƙare tun makon jiya, an rubuta takarda ana jiran amsa. Ya rubuta magani ya ce mu dawo bayan mako guda. Kawu bai dawo ba. Damina ce, ga noman farko a gabansa, ga kuɗin mota da ya riga ya kashe a banza. Sai ya nufi wani mai cire haƙori a kasuwa, aka karya haƙorin aka bar saiwarsa a ciki. Bayan kwana huɗu kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa har ya kasa haɗiyar koko. Kwana tara ya yi a gadon asibiti a birni, sai da aka sayar da tumaki biyu. Allah dai ya sa yana da sauran kwana.

Na daɗe ina jin haushin likitan nan, kafin daga baya na gane cewa na ɗora laifi inda bai dace ba. Wa ya kamata ya ƙirga allurai, ya ga saura kwali ɗaya, ya nemi wasu tun kafin su ƙare? Likita zai ce aikin mai sito ne. Mai sito zai ce ba a rubuto masa da wuri ba. Akanta zai ce takarda ba ta iso teburinsa ba. Kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma duk da gaskiyar tasu kawu ya leƙa kabari ya dawo.

A da, idan aka ce wane ne ke kula da ɗakin haƙori, abin da ake nufi shi ne mai ba da kati, mai kiran suna, mai share ɗaki da rufe ƙofa idan an tashi. Haka abin yake har a ƙasashen da suka riga mu. Amma a can aikin ya sauya kama. A Ingila, tun daga watan Afrilu na 2011 aka wajabta wa asibitocin haƙori yin rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan ingancin wuraren jinya, kuma inda asibitin mallakar kamfani ne ko haɗin gwiwa, dole a sami manaja mai rajista wanda sunansa ke gaban hukuma, wanda za a tuhuma idan abu ya lalace. A Amurka, cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ba da shawara a jagorar da ta fitar a 2016 cewa kowane asibitin haƙori ya ware aƙalla mutum ɗaya da aka horar, wanda hana yaɗuwar cuta zai zama nauyinsa. Ba don ado suka yi haka ba. A 2013, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, sai da aka nemi mutum wajen 7,000 su je a gwada jininsu bayan an gano yadda wani asibitin tiyatar baki yake sakaci da tsabtar kayan aiki, kuma bincike ya tabbatar cewa ciwon hanta nau'in C ya tsallaka daga wani majinyaci zuwa wani a wurin. To, idan haka ta faru a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, ina ga inda tukunyar turara kayan aiki take jiran janareto?

Kada ka ɗauka ina kiran a kwaso tsarin Ingila a dasa a Talata Mafara. Asibitin haƙori a can kasuwanci ne mai ma'aikata da yawa da kwamfutoci da kamfanonin inshora. Namu kuwa, a mafi yawan lokuta, ɗaki ɗaya ne ko biyu a kusurwar babban asibiti, da kujera ɗaya, da jami'in kula da lafiyar haƙori, da mataimaki, wani lokaci da likita ɗan bautar ƙasa wanda zai tafi bayan shekara. Abin da nake cewa a ɗauko guda ɗaya ne: a sami mutum sananne, mai suna da muƙami a rubuce, wanda duk abin da ke wajen bakin majinyaci nauyinsa ne. Ka kira shi manaja, ka kira shi incaji, ka kira shi shugaban sashe, ba sunan ne ya dame ni ba.

Bari mu soma da tsabtar kayan aiki, domin nan ne kai majinyaci ba ka da yadda za ka kare kanka. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wato idan mutum 25 suka hau kujerar likitan haƙori a rana ɗaya, babu mamaki biyu daga cikinsu suna da shi, kuma yawancinsu ba su sani ba. Ƙwayar wannan cuta tana iya yin kwana 7 da rai a jikin busasshen jini. Aikin haƙori kuwa aikin jini ne, ko wankin haƙori aka yi dasashi yakan zubar. Goge ƙarfe da auduga da sifirit ba ya wadatarwa, tafasa shi a ruwa ma ba ya kashe komai da komai. Abin da aka yarda da shi shi ne a wanke kayan tas, a shanya, a sa su cikin tukunyar turara mai matsin tururi da ake kira otokilef, a zafin digiri 121 na tsawon minti 15 zuwa 30, ko digiri 134 na 'yan mintuna. Akwai 'yar takardar gwaji da ake sawa tare da kayan, wadda launinta ke sauyawa idan zafin ya kai. Akwai kuma littafin da ya kamata a riƙa rubuta kowane zagaye, da ranarsa, da sa hannun wanda ya yi.

Ka duba abin da wannan yake buƙata a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Dole wani ya san yawan kayan cire haƙori da ɗakin yake da su. Idan saiti shida ne, to mutum shida za a yi wa aiki kafin a sake turarawa, kuma na bakwai sai ya jira, ko da ɗan sarki ne. Dole wani ya daidaita lokacin turarawa da lokacin da ake kunna janareto ko lokacin da sola ta cika. Dole wani ya iya tsayawa gaban likita, wanda ya fi shi karatu da albashi, ya ce ranka ya daɗe, kayan nan ba su fito ba tukuna. Mai ba da kati ba zai iya faɗin haka ba, domin ba a ba shi wannan ikon ba. Shi ya sa na kira aikin shugabanci. Haka kuma shi ne zai tabbatar kowane ma'aikaci, har mai shara da ke kwashe allurai, ya karɓi rigakafin ciwon hanta sau uku, kuma akwai akwatin zubar da allurai wanda ba kwalin taliya ba ne.

Sai batun kaya. Talata Mafara tana kan titin da ya haɗa Gusau da Sakkwato, amma kayan aikin haƙori ba tumatirin Bakolori ba ne da za ka saya a bakin hanya. Daga manyan birane ake kawo su, kuma mu da muke wannan yanki mun san hanya ba kullum take biyuwa ba. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai saboda matsalar tsaro. Duk ɗakin jinyar da ya saba sai kaya sun ƙare sannan a ɗaga waya, a wannan lokaci ya ga ta kansa. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai riƙe da ɗakin haƙori a Bakura ko Maradun ya kamata ya san allura nawa ake sha a wata, ya ja layi a katin sito, da zarar kaya sun sauko kan layin ya nemi sababbi, kuma ya fitar da na kusa da lalacewa kafin sababbin. Ya kamata ya san cewa allurar kashe zafi mai haɗe da adirenalin ba ta son zafi da hasken rana, alhali a watan Afrilu zafin garuruwanmu yakan haura digiri 40. Sau da yawa idan ka ji majinyaci yana cewa an yi masa allura ba ta kama shi ba, kumburin wurin ne ya hana, amma wani lokaci ajiyar ce ta cuce shi.

Akwai kuma lokacin mutane, wanda asibitocinmu suka fi raina wa. Wanda ya fito daga Jangebe ko Damri ko Faru ba irin wanda gidansa ke bayan asibiti ba ne. Ya fito ne da lissafin cewa dole ya koma kafin la'asar ta yi sanyi, domin ba mai son magariba ta riske shi a daji. Da yawa suna haɗa zuwan asibiti da ranar kasuwa don su sami mota. Shugaban da ya san mutanensa zai tanadi kaya da ma'aikata ranar Talata fiye da kowace rana, zai fara da na nesa, ya ba na cikin gari wata rana, kuma idan aiki zai yiwu a zama ɗaya ba zai raba shi gida biyu ba. Zai kuma koya wa mai kiran suna ya gane wanda bai kamata ya bi layi ba. Ka riƙe wannan kai ma, mai karatu: kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ko zazzaɓi mai zafi tare da ciwon haƙori, ko kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiya da numfashi, duk alamu ne cewa ƙwayar cuta ta bar haƙori ta shiga jiki. Mai wannan hali asibiti yake buƙata a wannan sa'a, komai dare.

Batun kuɗi ba sai na tsawaita ba. A manna farashi a bango, a ba da rasit, a faɗa wa mutum abin da zai biya kafin ya hau kujera. Wanda yake da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA, a bayyana masa abin da tsarin ya ɗauke masa da abin da bai ɗauka ba. Yawancin masu gudun asibiti tsoron kuɗin da ba a san iyakarsa ba ne yake korarsu, shi ya sa suke komawa ga ruwan batir da garin asfirin a kogon haƙori, abubuwan da ke ƙona dasashi su bar cutar tana ci.

Yanzu bari in zo inda nake ganin aikin nan ya fi nauyi a yankinmu, inda kuma manajan Landan ba shi da abin da zai koya mana. Ina nufin cutar noma. Sunan ya yi kama da namu na aikin gona, amma ba su haɗa komai ba, daga harshen Girka aka samo shi, ma'anarsa cinyewa. A ƙauyuka wasu suna ce mata ciwon iska, wasu ciwon daji. Tana kama yara ne, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da abin da uwa za ta raina: dasashi ya kumbura, yana jini, baki yana wari, yaro yana dalalar da miyau yana ƙin abinci. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, fata ta yi baƙi, nama ya ruɓe ya faɗi, har ƙashi ya bayyana. Idan ba a yi magani ba, har yara 9 cikin 10 suna iya mutuwa. Waɗanda suka tsira kuwa sukan rayu da ramin fuska, wasu muƙamuƙinsu ya ɗaure ba sa iya buɗe baki, ga tsangwamar jama'a da ke hana su makaranta da aure.

A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan cuta, wanda aka kafa a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, MSF, take tallafa masa, ana yi wa waɗanda suka tsira tiyatar gyaran fuska kyauta. Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a san da wannan cuta a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a ranar 15 ga Disamba, 2023. Kowace ranar 20 ga Nuwamba kuma ana tunawa da ita a ƙasar nan. Duk wannan abin yabo ne. Amma tiyata aikin ƙarshe ne, yaron da ya kai ga teburin tiyata ya riga ya rasa abin da ba zai dawo daidai ba. A matakin farko kuwa maganinta mai sauƙi ne: magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol bisa umarnin ma'aikacin lafiya, da wanke baki, da abinci mai gina jiki.

To ga matsalar. Yaron da noma ke shirin kamawa ba ya zuwa ɗakin haƙori. Yana layin masu tamowa, yana wurin allurar rigakafi, yana ƙaramin asibitin mazaɓa, yana sansanin waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ko yana gaban wanzami. A Talata Mafara ma MSF ta yi aikin jinyar yara masu tamowa, kuma kowa ya san yawan iyayen da ke taruwa a irin waɗannan wurare. Likitan haƙori ba zai bar mutum 20 a benci ya tafi yawon duba bakin yara ba. Amma shugaban ɗaki zai iya zuwa ya zauna da mai kula da sashen yara, su amince cewa duk yaron da aka auna damtsensa a buɗe bakinsa a haska tocila. Zai iya shirya wa jami'an lafiya na ƙananan asibitoci zama na awa biyu ya nuna masu hotunan matakan cutar. Zai iya ziyartar sarkin aska da unguwarzoma, cikin girmamawa, ya ba su lambar da za su kira, domin su ne mutane ke fara zuwa wurinsu, kuma wanda ka raina ba zai turo maka majinyaci ba. Zai iya sanin wanda zai kira a Sakkwato ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau kafin ya sa uwa da ɗanta a mota. Ke kuma uwa da kike karanta wannan, ko aka karanta miki, ki riƙa ɗaga leɓen yaronki kina duba dasashinsa, musamman idan ya tashi daga ƙyanda. In kin ga jini da wari da kumburi, kada ki kwana.

Irin wannan shugaba ne kuma zai iya sauya tunanin da ya mai da ɗakin haƙori mahautar cire haƙora. Akwai hanyar ciko da aka ƙirƙiro a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, wadda ba ta buƙatar wuta ko injin sassaƙa. Da ƙananan kayan hannu ake kwashe ruɓar, a cike kogon da wani simintin haƙori mai suna gilas ayonoma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, tare da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Jami'in da aka horar zai iya yin wannan ciko a ajin firamare a Bakura ko a inuwar bishiya a Maradun, matuƙar kogon bai kai ga jijiya ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai sa simintin cikin jerin sayayya, ya nemi izinin hedimasta, ya samo babur, ya rubuta yara nawa aka gani.

Na san abin da za ka ce, domin an sha faɗa mini. Za ka ce malam, likitan ma ba mu da shi, kana maganar manaja? Gaskiya ne likitocin haƙori sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, kuma 'yan kaɗan ɗin sun taru a manyan birane ko sun ƙetare. Amma wannan hujja tawa ce, ba taka ba. Shekara 6 ake ɗauka ana horar da likitan haƙori a jami'a irin ta Bayero da ke Kano, ban da shekarar sanin makamar aiki. Idan muka yi sa'a ɗaya ya yarda ya zauna a garinmu, sai kuma mu bar shi yana bin ofisoshi neman safar hannu, yana rigima da mai janareto, yana ƙirga canji? Kowace awa da ya kashe a haka awa ce da aka ƙwace wa majinyaci, kuma irin wannan gajiya ce take sa ya nemi canjin wurin aiki. Inda kuwa babu likita sam, jami'in da ke wurin shi ne komai, kuma ya fi kowa buƙatar a koya masa tsari.

Za ka kuma ce ƙarin muƙami ƙarin baki ne a kan ɗan abin da ake da shi. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce babu shi ba. Amsata ita ce ba sabon ma'aikaci nake nema ba. A ɗauki wanda ke ɗakin tun shekaru, wanda ya san kowane ƙarfe da kowane majinyaci, a ba shi takarda, a ba shi horo, a ba shi ikon kashe ɗan kuɗi kaɗan ba tare da takarda ta yi mako uku tana yawo ba, sannan a riƙa duba littattafansa duk wata uku. Kuɗi sun fi saurin ɓacewa inda ba a san wanda za a tambaya ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Tsafe. Me zai hana Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha ta haɗa kai da su a tsara gajeren kwas na lissafin kaya, adana bayanai, hana yaɗuwar cuta da iya zama da ma'aikata? A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, kuma gyaran gine-gine abu ne da ido ke gani. Sai dai kujerar haƙori sabuwa fil takan zama kujerar hutawa cikin shekara ɗaya idan babu wanda ke tsiyaye ruwan injin iskarta, yana sa wa na'urar sassaƙa mai, yana kiran mai gyara tun ɓarnar tana ƙarama.

Akwai iyaka guda da nake so a ja da jan alƙalami, domin a ƙasashen da aikin ya bunƙasa an ga inda ya karkace. Manaja ba likita ba ne. Ba shi zai ce a cire ko a cike ba, ba shi zai zaɓi magani ba, kuma ranar da ya fara matsa wa likita ya yi aikin da ya fi kawo kuɗi maimakon wanda majinyaci ke buƙata, ranar ya zama cuta. Wannan ya fi shafar asibitoci masu zaman kansu da ke ƙaruwa a Gusau da Sakkwato da Kano. Haka shi ma likita ya san cewa takardar digirinsa ba ta ba shi ikon tsallake dokar tsabta ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, don haka tun farko a rubuta wa kowa iyakarsa, a riƙa zama ko na minti 15 ne duk mako, inda mai shara zai iya cewa allura ta soke shi ba tare da tsoron kora ba.

Kai kuma da kake zaune a benci, kana da haƙƙin tambaya, kuma tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce. Ka duba ko an sauya safar hannu a gabanka. Ka duba ko kayan daga rufaffen mazubi ko ƙunshi aka fito da su, ko kuwa a faranti suke a buɗe tun safe. Allura sabuwa ce aka ɓare? Nawa za ka biya, kuma za a ba ka rasit? Idan aka ce ka dawo wani mako, ka nemi lambar wanda za ka kira kafin ka baro gida, don kada ka maimaita tafiyar kawuna. Sannan ka tambayi sunan wanda ke riƙe da ɗakin. In an nuna maka shi, ka gaishe shi ka gode masa, domin ba kasafai yake jin godiya ba. In kuwa ma'aikata suka kalli juna aka rasa mai amsawa, to ka kai maganar gaban kwamitin raya mazaɓarku, ko hakimi, ko sakataren asibiti, ka nemi a sa ta cikin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba.